Nono zalla, kunu na kowa

Ma'aikatan lafiya a Gusau sun ce jariri ya sha nono zalla har wata 6, ko ɗigon ruwa kada a ba shi. Haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara. Sai dai ita Hukumar ba ta da suruka a Bungudu.

Tawa ta iso tun kafin suna, da ƙullin kanwa da tambaya: "Ke 'yar nan, cikin wannan bazarar za ki hana ɗan mutane ruwa?" Na sunkuyar da kai na ce, "Inna, ai shi nonon ma yawancinsa ruwa ne." Ta ce 'ya'ya tara ta raina, ba wanda ta shayar da boko. Tun daga ranar, in na shiga wankan jego, ido ɗaya na kan ganyen darbejiya, ɗaya na kan cokalin Inna.

Jaririn dai ba shi da ƙorafi. Yayyensa ne matsalar. Kunun kanwar da ake dama mini don nono ya kawo, kafin in fito sun yi masa dirar mikiya. Wanda na yaye bara sai ya tsaya da kunu har hanci, yana rantsuwa kyanwa ce ta sha. Ta farin kuwa, wadda kunya ta hana ni kama sunanta, kwanan nan nake goya ta mu tafi Tsafe ganin gida. Yau hijabina take ara, har da ƙorafin ya yi mata gajere.

Masu zuwa barka, don Allah sabulu ya isa haka. Ku zo da gero.