Sannunku da Aiki, Gwarazan Ofis!

Jinjina ta musamman ga zakarun gasar sofbol ta ma'aikata, waɗanda suka fita fili bayan tashi daga aiki suka yi wa abokan karawarsu dukan kawo wuƙa. Sannunku da ƙoƙari! A Amurka, idan lokacin zafi ya kama, kamfanoni da asibitoci da makarantu kan kafa ƙungiyoyin maza da mata a haɗe, don a motsa jini a kuma san juna. Ku ne kaɗai kuka gano abin da ya shige wa kowa duhu: ashe yaƙi aka zo yi.

Wasan nan ƙanin besbol ne, kuma daga raha ya fito. A Shikago aka haife shi a 1887, ranar da wasu samari a wani kulob na masu kwale-kwale suka ɗaure safar dambe ta zama ƙwallo, suka buga ta da sanda, wani mai suna George Hancock ya tsara musu dokoki. Nau'in da ma'aikata ke yi ma an ƙara sassauta shi. Mai jifa yakan cillo ƙwallon a hankali, ta tashi sama ta sauko, don mai tumbi da mai furfura da wadda ba ta taɓa riƙe kulki ba kowa ya samu rabonsa. Ku kuwa kun nuna wa duniya cewa tsallakar da irin wannan ƙwallon bayan shinge bajinta ce da ta cancanci kirari.

Zagaye 7 ake yi, amma akwai dokar jinƙai. A ƙa'idar da gasa da yawa ke bi, in tazara ta kai maki 20 bayan zagaye na 3, ko 15 bayan na 4, ko 10 bayan na 5, alƙalin wasa yakan tsayar da wasan don a rufa wa wanda aka fi ƙarfi asiri. An kafa ta don kare mutunci, ku kuka mai da ita abin hari. Kun riga kun yi nisa, amma ɗan wasanku ya sheƙo a guje ya zube da ƙafa a tasha ta biyu, ya watsa ƙura a fuskar wata akanta da aka roƙa ta zo don a cika mutum 10. Ya tashi yana dukan ƙirji, ita tana murza ido. Wannan jarumta sai ku!

Ga kuma karamcinku ga mata. Doka ta ce maza 5, mata 5, a jera su wajen bugu namiji na bin mace. Kun cika adadin cif. Sai kuka ajiye ɗaya a bayan mai bugu, kuka tura ɗaya can lungun dama inda ƙwallo ba ta cika zuwa ba. In ƙaddara ta sa ta nufo ta, wani ƙato zai keto daga tsakiya ya cafke a gaban hancinta yana ihun "Tawa ce!" In layin bugu ya zo kanta, a raɗa mata kada ta taɓa, ta jira mai jifa ya yi kuskure a ba ta tasha kyauta. Ta biya kuɗin riga, ta koma gida da ita fes. Madalla da masu hutar da mata!

Kada a manta da sojan gona, ƙanin mijin wata ma'aikaciya da ya buga wa jami'arsa besbol, wanda ko maigadin ofis bai san fuskarsa ba. A 1992 shirin The Simpsons ya nuna yadda Mista Burns ya ɗauko ƙwararrun 'yan besbol 9 ya ba su aikin bogi a tashar nukiliyarsa don su buga masa sofbol ya ci caca. Amurkawa suka yi dariya, ku kuka ɗauki darasi.

Abin nan yana ci mini rai, domin wannan fili na cikin 'yan wuraren da suka rage inda manaja da masinja ke sa riga iri ɗaya. A nan baƙon ma'aikaci da ya baro garinsu ke samun wanda zai kira aboki. Duk wanda aka wulaƙanta a gaban iyalinsa ba zai yi ƙorafi ba, zai dai ce yana da uzuri mako mai zuwa, daga nan a daina ganinsa.

Ƙarfi ba laifi ba ne. Ƙungiyar kirki in ta ga ta yi nisa takan daina kwasar tasha, ta matso da 'yan baya gaba, ta bar macen lungu ta kama ƙwallonta ko ta faɗi mata. In hakan ya yi muku nauyi, gasa tana da rukuni-rukuni, ku hau na sama ku nemi tsaranku. In kuwa kun fi son zama nan, ku ci gaba da gashi. Baɗi babu ƙungiyar da za ta yi rajista, kofin ya zama naku har abada, ba mai ja da ku.