Yadda Hamza Ta Kusa Raba Zumunci

Kawuna, wanda Allah ya hore wa son tarihi, ya danƙa mini littafin asalin gidanmu da wani akawu ya buga a kwamfuta, ya barbaɗe shi da aya da waƙafi kamar mai zuba gishiri da hannun hagu, ya ce in share su duka domin a sake jera su bisa ƙa'ida. Da yake na ɗan taɓa harshen kwamfuta na Python, na ce masa kafin la'asar an gama.

Akwai wani fanni da ake kira rejeks, wanda Stephen Kleene, masanin hisabi na Amurka, ya aza harsashinsa a 1951, inda mutum ke siffanta abin da yake nema, na'ura ta farauto masa. Da shi na rubuta ɗigo, na umarci na'urar ta kawar da shi duk inda ta gan shi. Kafin ƙiftawar ido littafi ya zama fari fat! Ashe a mazhabar malaman rejeks ɗigo wakili ne na kowane harafi, in ban da ƙarshen layi, sai fa in an gindaya masa karkatacciyar sanda a gaba, sannan ya koma aya. Alhamdu lillahi, kwafi na nan.

Da haushi ya kama ni, sai na ɗauko jerin alamomi 32 da Python ya tanada, na yi musu hukunci guda, na buga littafin, aka tara dangi bayan isha'i. Kawu yana cikin karatu da muryar tafsiri, ya iso inda kakanmu ya bar gonar fadama ga 'ya'yansa, sai ya karanta "ga yayansa", gama cikin alamomin nan har da hamzar da Bature ke ɗauka ado ne. Nan take jikokin yayan suka miƙe suna kabbara, wani har yana tambayar buhu nawa gonar ta bayar bana. Sai da liman ya zo da tsohon kwafi aka zauna.

Saboda haka, ya kai mai karatu, in za ka share alamomi daga rubutun Hausa, cire hamza daga jerin tukuna, ka kuma ajiye kwafi.