Zuwa ga Amaryar da Har Yanzu Ba Ta Tare Ba

Unguwar Bukoki, Yamai.

Zuwa ga sabuwar na'urar ƙera kayan roba, wadda ƴan boko ke kira 3D, wadda aka ce tana nan tafe.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya a duk kwalin da kike kwance, a Shenzhen ne ko a Prague. Da na ce ina gajiya, sai na tuna gajiyar tawa ce, ke ba ki taka ko nan da can ba.

Ba ki san ni ba, ni ma ban san ki ba, tun da su kansu iyayenki ba su raɗa miki suna ba tukuna. Duk da haka shekara huɗu ke nan ina neman aurenki. Fanka ce ta haɗa mu. Akwai wata ƴar roba mai haƙora a bayan kanta, wadda ke sa ta waiwaya dama da hagu. Ranar da haƙori biyu suka karye, fankar ta kafe tana kallon bango kamar mai fushi da mutanen gida. Na zaga shaguna, kowa ya ce ba a sayar da wannan ita kaɗai, sai dai in sayi sabuwar fanka. A nan ne ɗan yayana, ɗalibi a Jami'ar Abdou Moumouni, ya ce, "Baba, ai irin wannan bugawa ake yi." Ya nuna mini a salula yadda danginki ke haɗiye zaren roba, su narkar da shi a zafin da ya kai digiri 200, su tsiyayo shi ta bakin da bai kai rabin milimita ba, su yi ta ɗora layi bisa layi kamar yadda matan Bubon ke ɗora laka har tulu ya tashi. Tun daga ranar na fara tara sadaki.

Sau uku kuɗin na cika, sau uku ina fasawa, kuma duk saboda ke. Duk lokacin da na ɗaura niyyar sayen wadda ke kasuwa, sai wani a fadarmu ya ajiye kofin shayi ya ce, "Alhaji, kada ka yi gaggawa, ƙanwarta na fitowa wata mai kamawa." Wa zai so ya kai lefe yau, gobe a fito da wadda ta fi kyau a kuɗi ɗaya?

Ya kamata ki san yadda ake maganarki a fadar nan. Mun mayar da ke jinjirin wata. Wani zai zo da hoto dishi-dishi, wai wani ma'aikaci ne ya ɗauke ki a sace ta bayan labule. Sai a haɗa kai a kan salula guda, ana ja ana buɗawa. Wannan ya rantse ya ga baki biyu, wancan ya ce inuwa ce. Muna da gwani ɗaya da ke ƙirga kusoshin da ke jikin hoton ya faɗi faɗin cikinki har da milimita, alhali ko tsohuwarku bai taɓa taɓawa ba. Masu lissafin rana kuwa mazhaba uku ne. Na farko sun ce Nuwamba, don a watan ne ake babban baje kolin sana'arku a Frankfurt ta Jamus. Na biyu sun ce sai bayan sabuwar shekarar Sin, wajen Janairu ko Fabrairu, lokacin da ma'aikata ke dawowa daga ƙauyukansu. Na uku, waɗanda ni na fi yarda da su, ba sa duban kalanda, farashi suke dubawa. Sun ce in ka ga an karya kuɗin tsohuwa ba gaira ba dalili, to kayan faɗar kishiya ne, amarya na bakin ƙofa.

Da yake ba a aure sai da binciken asali, na bincika naki, kuma ban sami abin kunya ba. Kakanki wani Ba'amurke ne, Scott Crump, da ya yi rajistar dabarar narka zare a 1989. Takardar mallakar ta tsare ku a gidajen masu kuɗi shekara ashirin, sai a 2009 wa'adinta ya cika, kuka fito unguwa. Kafin nan, a 2005, wani malami a Jami'ar Bath ta Ingila, Adrian Bowyer, ya fara aikin RepRap da burin a sami na'urar da za ta buga sassan ƴar'uwarta. Daga wannan tsatson Josef Prusa ya fito da tasa a 2012. A 2018 Ender 3 ta shigo da farashin dala 200 ko kusa da haka. Da na ji na yi tsalle, don a lissafinmu dala 200 jika guda ce, kuɗin kabu-kabu zuwa Harobanda da dawowa. Ashe dalar Amurka ake nufi. A 2022 kuma Bambu Lab ta zo da mai gudu da zare kala huɗu. Abu ɗaya na lura da shi a gidanku: nawa. Yayarki Prusa XL an yi shelarta a ƙarshen 2021, ba ta fara isa hannun masu jira ba sai 2023.

To ki sani, in don jira ne, kin zo garin malamansa. Madatsar ruwan Kandaji tun shekarun 1970 ake zancenta. Tashar jirgin ƙasa ta Yamai an buɗe ta a 2014, an shimfiɗa dogo har Doso, kuma har yau in za mu Doso mota muke shiga. Ba ki isa ki koya mana haƙuri ba. Abin da ya ɗan taɓa mini zuciya shi ne, a 2014 ɗin nan an kai wata ƴar gidanku tashar sararin samaniya, ta buga sifana a can sama. Sama ba ta gagare ku ba, sai Bukoki.

Akwai kuma matsalar cikin gida. Shekarar da na fara tara sadakinki, mai ɗakina ta ɗauki adashinta ta sayi jar akuyar Maraɗi. Ba ta karanta Adrian Bowyer ba, amma ita ta cika masa burinsa. Akuyar nan na buga irinta sak, da kai da ƙafa da kala, galibi biyu-biyu. Wa'adinta wata biyar, ba ta taɓa ɗagawa ba, ba ta neman kuran, ba ta neman intanet, abincinta dusa da harawa. Yau suna nan tara a bayan ɗaki. Kullum da safe in na ɗauki salula, sai mai ɗakin ta ce, "Maigida, yaya jikin amarya? Ta iso Lome?" Ni kuwa sai in yi kamar ina lazimi.

Yanzu bari mu yi maganar kayan ɗakin da aka ce za ki zo da su, don kada ki wahalar da iyayenki a banza.

An ce cikinki zai riƙa ɗumama kansa har digiri 60, don robobi masu taurin kai irin ABS. Ki bar wannan a can. Ina da ɗakin kwano, kuma muna da Afrilu da Mayu, lokacin da inuwa kanta ke wuce digiri 40. Mu nan ɗumi kyauta ne. Abin da nake tsoro akasin haka ne. Zaren da kuka fi so, PLA, wanda ake yi da sitacin masara ko rake, yana fara laushi tun wajen digiri 60. A bar abin da aka buga da shi a gaban motar da ta yini a rana a bakin Babbar Kasuwa, a dawo a tarar ya yi sujada. In za ki zo, ki zo da sabo da PETG, mai jurewa har wajen 80, kuma ki tabbata ƙwaƙwalwarki da injinanki ba sa suma da zafi.

An ce za ki yi gudun milimita 500 a daƙiƙa, wasu ma sun ce fiye. Madalla. Amma gudun me ake in wuta ta ɗauke a awa ta bakwai ta aikin awa takwas? Na san kuna da dabarar tuna inda kuka tsaya, sai dai kafin kuran ya dawo faranti ya huce, abin ya saki, aiki ya koma farko. Ba mu manta Agustan 2023 ba, lokacin da aka katse layin da ke zuwa daga Najeriya, wanda a lokacin shi ke ba mu mafi yawan wutarmu. Abin da kike ci a awa bai kai na dutsen guga ba. Me zai hana ki iya sha kai tsaye daga batir da farantin rana? Wannan ƙasar Abdou Moumouni Dioffo ce, wanda ya ƙarar da rayuwarsa kan makamashin rana. Ita kaɗai ce ba a taɓa yanke mana ba.

An ce za ki zo da ido mai basira, wanda in aiki ya ɓaci zare ya cukurkuɗe, abin da masu sana'arku ke kira taliya, zai aiko mini da saƙo. Na gode, amma ina da ƴaƴa shida da za su kewaye ki tun daga layin farko. Kafin idonki ya gane taliya, har maƙwabta sun ji. Kuma idan sai kin gaisa da iyayenki a Sin ta intanet kafin ki yi mini aiki daga nan tsakar gida, to zama zai yi wuya. Macen da kullum sai ta kira gida kafin ta ɗora tukunya, kin san ƙarshenta.

An ce kala goma sha shida. Ƴar robar fankata fara ce, kuma a ɓoye take. Na kuma ji cewa duk sauyin kala sai kun zubar da guntun roba ta baya, har masu ku na kiran abin kashi. Zaren da ya hau jirgin ruwa zuwa Lome, ya hau babbar mota ya ratsa Burkina Faso ta Dori da Tera tun da aka rufe iyakar Benin, ya kwana wajen ƴan duwan, shi za ki mayar kashi don ado? Akuya ma nata taki ne. In kina son ki burge ni, ki koyi cin abincin gida. Akwai masu yanka gorar ruwa siri-siri su ja ta ta bakin wuta ta zama zare. Robar da ke toshe mana magudanai duk damina ta isa ta ciyar da ke da jikokinki.

Sai ƙura. Ki zo da ƙofa mai rufuwa da kyau, don hazon hunturu ba ya sallama. Albishir ɗaya dai nake da shi: babban makiyin zarenku danshi ne, mu kuwa wata takwas ko tara iskarmu a bushe take ƙayau. A wannan fannin kin yi dacen miji.

Saura maganar dangin miji. Kada ki shigo da girman kai, ki ɗauka ke za ki koya wa Yamai ƙira. Ki fara zuwa Katako ki gaida manya. Can za ki ga mutanen da ke narka gwangwani da tsohon ƙarfen inji, su danna samfuri cikin yashi, su zuba sanholo, tukunya ta fito da ludayinta. Ki leƙa gidan tarihi na Boubou Hama ki ga maƙeran azurfa, waɗanda kakanninsu ke sassaƙa kakin zuma, su lulluɓe shi da laka, su narkar da shi su zuba ƙarfe a gurbinsa. Wurinki a tsakaninsu ƙarami ne amma mai daraja: ki buga musu samfuri daidai da awo, su mayar da shi ƙarfe. Ki yi wa mai gyaran babur maƙalin da ya karye, ki yi wa tela maɓallin kekensa, ki yi wa malamin makaranta ƙashin gwiwa da ƙoda na roba da yara za su riƙa a hannu. In kina ganin ba za ki iya zaman talaka ba, ki tuna ƴar'uwarki ta Lome. A 2013 Afate Gnikou ya haɗa ta a WoeLab da gawar tsoffin kwamfutoci da na'urorin buga takarda da aka tsinto a juji. Ba ta da ido, ba ta da kala huɗu, amma ta yi aiki.

Don kada ki ji a bakin wani: fankar ta warke tuni. Wani dattijo a Katako ya juya ƴar robar a tafin hannunsa, ya yanko irinta daga wata tsohuwar roba mai kauri, ya fitar mata da haƙora da zarto da magagari kafin la'asar, ya karɓi dala ɗari. Ɗansa ne ya tsaya yana yi mini tambayoyi a kanki, irin tambayoyin da ba a taɓa yi a fadarmu ba: nawa ne kilon zare, in bakin ya toshe da me ake buɗe shi, wa ke da kayan gyara. Shi ba ruwansa da wadda za ta fito. Wadda ke akwai yake so ya sa wa hannu. Sai na ji kunya ta kama ni, shekara huɗu ina cinikin biri a sama.

Saboda haka ga wa'adi, kuma ba da kalandar Frankfurt zan yi shi ba. Babbar akuyar mai ɗakina na da cikin wata huɗu. In kin riga ta, bismilla, ɗaki a share yake. In ta riga ki, zan kai sadakin gidan yayarki, ko da bazawara ce ta hannu, in ajiye ta a rumfar dattijon nan, ɗansa da ɗan yayana su koya mata zaman Yamai. Mai ɗakina ta riga ta zaɓi ɓangare, har ta sa a buga mata sabon murfin kula a aikin farko.

Ki gaida iyayenki, ki ce su daina sakin hotuna dishi-dishi, idanun tsofaffin fadarmu sun fara lalacewa.

Naki mai jira, amma na wata guda kawai,

Wani magidanci a Bukoki.