Kwamitin Ƙirga wa Amarya Wata

Duk unguwar da aka kai amarya, akwai kwamitin da ke fara zama tun lallen ƙafarta bai goge ba. Ba a zaɓensu, ba a rantsar da su, ba su karɓar alawus, amma babu ma'aikatar gwamnatin da ta kai su riƙon aiki. Uwar miji ce shugaba. Mataimakiyarta ita ce tsohuwar nan da ke katanga ɗaya da gidan. Sakatariya kuwa ƙanwar ango ce, wadda ake turowa da sassafe wai ta zo taya shara, alhali ko tsintsiya ba ta san inda take ba. Aikinsu ɗaya ne tal: ƙirga wata.

Kayan aikinsu ido ne da hanci da kunne. Amarya ta ƙara haske, an rubuta. Ta ce ƙamshin suyar albasa na hawa mata kai, an rubuta. An ga almajirin gidan a bakin titi yana cigiyar agwaluma ko ɗanyen mangwaro, to wannan kam sai an kira taron gaggawa. Idan gidan da uwargida, an ma huta da wahala, domin ita buta take sa wa ido. Ranar da ta lura amarya ta yi wata biyu cur ba fashin salla, magana ta ƙare. Abin gwajin fitsarin da ake saya a kemis sai an jira al'ada ta ƙi zuwa kafin ya nuna layinsa biyu. Uwargida ba ta jiran kowa.

To an gano. Sai me? Sai kowa ya ja bakinsa ya tsuke. Abin da gari duka ya sani ya zama sirrin da ba a faɗa. Ka tambayi ango a majalisa, "Ya iyali?" ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi ba ta ɗan jin daɗi, maleriya ce." Wannan maleriya ta ƙasar Hausa abar tausayi ce, an ɗora mata laifin da ba nata ba. Ita ce maleriyar da ke sa mutum kwaɗon zogale da ƙarfe biyun dare, ta tashi magidanci ya bi gari neman mai balangun da bai rufe ba, in ya kawo a shinshina a ce a fita da shi. Wata tara take yi, kuma ranar da ta warke rago ake yankawa.

Uwar miji ba za ta tambaya kai tsaye ba. Sai dai ta ce, "'Yar nan, bar ɗaukar bokitin nan, kin ji?" Amarya ta ce, "To, Hajiya," ta dubi ƙasa. An yi tambaya, an ba da amsa, ba wanda ya ce komai. Ƙawaye su ce ta harbu, dattijai su ce an samu ƙaruwa, mai labarai a rediyo ya ce juna biyu, maƙwabta su ce ta yi nauyi. Kaka ce kaɗai ke da lasisin fasa ƙwai, ita ma don akwai wasa tsakani: "Ja'ira, ashe kin iya!" A finafinan Kannywood kuwa an sauƙaƙa abin. Da zarar jaruma ta toshe baki ta ruga bayi, ko yaro ɗan firamare ya san likita na nan tafe da gilashinsa zai miƙa wa miji hannu.

Daga nan sai zamanin babban hijabi. Wadda da take yafa mayafi sai ga ta cikin hijabi har ƙasa a tsakiyar zafin Afrilu, wai ta ƙara riƙo da addini. Wannan ɓoyo daidai yake da na mutumin da ruwan Agusta ya yi wa dukan tsiya, ya shigo zaure ya jiƙe sharkaf, rigarsa na ɗiga, ya ce ai gumi ne. Kowa ya gyaɗa kai ya ce sannu da zafi.

Mutum ɗaya ne a duk faɗin garin ba shi da labari, wato malamar awo. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu, na farko kuma cikin makonni 12 na farko. A can ne ake auna hawan jini, a duba ƙarancin jini, a ba da ƙwayoyin ƙarin jini, a yi allurar rigakafi, a kuma ba da maganin kariya daga maleriyar gaske, wadda ita ba ta san wasa ba in ta sami mai ciki. Amma ina! A je asibiti tun yanzu, mutane su gani? Bakin duniya fa? Mayu fa? Sai ka rasa wane mutane ake nufi, tunda waɗanda ake tsoron bakinsu su ne suka riga mai cikin sani. Haka za a zauna sai ƙafa ta kumbura, takalmi ya ƙi shiga, sannan a tafi. Malama ta ce, "Baiwar Allah, wata nawa?" Ta ce, "Ban ƙirga ba." Da asibitocinmu na da wayo, da lambar tsohuwar katanga suke karɓa a katin awo. Ita za ta ba su rana da wata, har da abin da aka dafa a gidan a ranar.

Ƙirgar ma ba ta Allah da Annabi ba ce zalla. Ranar da aka ce amarya ta sauka, kafin a yi barka sai an lanƙwasa yatsu a ƙarƙashin mayafi, daga ranar ɗaurin aure zuwa yau. In ya cika tara, madalla. In bakwai ne, sai a ce, "Allah sarki, bakwaini ne," sannan a leƙa zani a ga ko girman jaririn ya yarda da maganar. Malaman fiƙihu tun tuni sun ce mafi ƙarancin ciki wata shida ne, a mazhabar Malikiyya ma har ana maganar kwantaccen ciki mai shekaru. Kwamiti ya fi malamai tsanani. Shi ba a ɗaukaka ƙara a wurinsa.

Wadda kuma aka shekara ba labari, a kanta ne kunyar nan ke gudu ta bar gari. Bakin da ya kasa furta ciki yanzu ya buɗe: "Har yanzu shiru?" A biki a tambaya, a gidan rasuwa a tambaya. Kowace gwaggo da jarkarta, wannan rubutu, wannan jiƙo, wannan saiwar da aka taho da ita daga ƙauye. Matar ta sha har cikinta ya koma randa. Shi gogan kuwa yana majalisa yana shan shayi, ba mai ce masa ya je a gwada shi, duk da likitoci sun gaji da faɗin cewa sau da yawa matsalar daga namiji take. Maganin da kwamiti ke rubuta masa ɗaya ne, ya ƙaro wata. In ita ma ta shekara shiru, sai a ce yaron nan bai yi sa'ar mata ba.

Kada mai jego ta ɗauka ta tsira don an yi suna an watse. Tana gama wankan kwana arba'in, ta ajiye kofin kunun kanwa, za a buɗe mata sabon fayil. In ciki ya shiga tana goyo, a ce ta yi kwanika, ko tausayin yaron ba ta ji. In ta yaye shi ya fara zuwa Islamiyya ba ƙani, sai Hajiya ta kira ɗanta gefe, ta rage murya: "Kai, zo nan. Ba dai allurar nan ta tsarin iyali kuke yi ba?"