Masu Nutso a Gaban Sikeli

Nutso da tukunyar iska, wanda aka fi sani da sukuba, ya samo siffarsa ta yanzu ne daga na'urar da Faransawa biyu, Jak Kusto da Emil Ganyan, suka ƙera a shekarar 1943, wadda ta ba ɗan Adam damar goya iskar numfashinsa ya shiga ƙarƙashin teku ba tare da wata mesa ta haɗa shi da jirgin ruwa ba. Babban abin da ake koya wa ɗalibin wannan fanni shi ne yadda zai rabu da nauyi, wato ya daidaita jikinsa da kayansa har ya tsaya cak a tsakiyar ruwa, bai nutse ƙasa ba kuma bai taso sama ba, bisa ƙa'idar da masanin Girka Arkimidis ya bayyana cewa ruwa yana rage wa abin da aka tsoma a cikinsa nauyi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. Sai dai wuraren da suka fi murjani da kifi, irin su Bahar Maliya da tsibiran Maldibs da Raja Ampat a Indunusiya, suna nesa da garuruwan da akasarin masu nutso suke zaune, don haka kafin mutum ya kai ga ruwan da zai ɗauke masa nauyi, tilas ya bi ta gaban sikelin filin jirgin sama, wanda bai taɓa jin labarin Arkimidis ba.

Dokokin wannan sikeli ba su da wuyar fahimta, wuyarsu tana wajen bi. Kamfanonin jiragen sama suna aiki da ɗaya daga cikin tsare-tsare biyu: tsarin ƙidaya, inda ake ba fasinja adadin akwatuna, kowanne kada ya wuce kilo 23 a kujerun gama-gari, tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa kuma in an tara kada su haura santimita 158, da tsarin jimla, inda ake ba shi adadin kilo ya raba su yadda ya ga dama. Akwati guda ba ya wuce kilo 32, iyakar da aka sa domin kare gadon bayan masu ɗaga kaya, jakar hannu kuwa a kamfanoni da yawa kilo 7 ne haddinta. Duk abin da ya ɗara wannan shi ake kira rarar kaya, kuma kuɗinta ya zama babbar kafar samu ga kamfanonin, musamman tun 2008, lokacin da manyan kamfanonin Amurka suka fara karɓar dala 15 a kan akwatin farko wanda a da kyauta ne. Kayan mai nutso kuwa sun haɗa da rigar roba mai tsare ɗumin jiki, da rigar iska wadda ake hurawa ko a sace domin daidaita nauyi, da na'urar numfashi mai rage ƙarfin iskar tukunya zuwa abin da huhu zai iya ɗauka, da takalma masu faɗi irin ƙafar agwagwa, da gilashin fuska, da agogo mai ƙididdige zurfi da lokaci, waɗanda in an haɗa su sukan cinye kusan rabin abin da aka yarje wa mutum tun kafin ya sa wando ko ɗaya. A cikin wannan ƙunci ne halaye suke fitowa fili, kuma mai lura zai iya kasa masu su gida takwas.

Na farko shi ne Mai Lissafi, wanda yake fara tafiyarsa makonni kafin ranar tashi, a kan ma'aunin fulawa na ɗakin girki, inda yake auna kowane abu shi kaɗai ya rubuta nauyinsa a jadawali. Shi ne yake yanke mariƙin buroshin haƙori, ya raba sabulu biyu, ya sayi na'urar numfashi ta ƙarfen taitaniyam mai sauƙin nauyi a kan kuɗin da zai ishe shi biyan rarar kaya na tafiye-tafiye masu yawa, sannan ya kira wannan tattali. Yana isa gaban kanta da natsuwar wanda ya haddace darasinsa, ya ɗora akwati, sikeli ya nuna 23.4, kuma daga nan ake jin jimlar da ta zama taken wannan gida: «Wallahi a gida 23 cif ya nuna.» Bai taɓa zargin ma'aunin fulawa ba.

Na biyu, wanda za a iya kira Sa-Duka, ya gano wata kafa a cikin doka, wato cewa manyan jirage suna auna akwati amma ba sa auna mai akwatin, saboda haka ya mai da jikinsa akwati na biyu. Yana bayyana a layi sanye da rigar iska a kan riguna uku, takalmin roba a ƙafa, na'urar numfashi rataye a wuya kamar carbi, aljihunansa sun kumbura da tocila da zare da kayan gyara, gumi yana tsiyaya daga haɓarsa, yana kuma amsa kallon jama'a da fuskar mutumin da haka yake shiga kullum. Hujjarsa, wadda yake maimaita wa duk wanda ya tsaya kusa da shi, ita ce fasinjan da ya fi shi ƙiba da kilo 30 ba ya biyan ko sisi, kuma hujja ce mai ƙarfi har zuwa wurin binciken tsaro, inda ake umartarsa ya tuɓe komai ya jera a faranti, mutanen da ke bayansa suna ƙirga farantan da ƙarfi. Ƙarshen mazhabarsa yakan zo ne a ƙananan jirage masu sauka a tsibirai, inda daidaiton nauyi tsakanin gaba da baya yake da muhimmancin da wani lokaci akan ɗora fasinjan kansa a kan sikeli.

Na uku ɗan'uwan na biyu ne, amma ya fi shi kunya. Wannan ya tattara duk ƙarafansa, ciki har da farantin ƙarfe da wasu suke ɗaure tukunya a kansa, ya cusa su a jakar hannu har ta ninka haddinta, sannan ya koyi yadda ake ɗaukarta kamar babu komai a ciki sai jarida. Yana lilo da ita a yatsu biyu, yana murmushi, jijiyar wuyansa ta miƙe kamar igiyar guga, kuma da yake mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, duk lokacin da ma'aikaciya ta ɗaga kai sai ya juya jakar bayan ƙafarsa ya shiga yaba kyawun ginin. Asirinsa yana tonuwa ne a cikin jirgi, sa'ad da ya zo ɗaga ta zuwa ma'ajin sama, wani bawan Allah ya miƙo hannu don ya taimaka, ya ji nauyinta, su dubi juna ba wanda ya ce uffan.

Na huɗu shi ne Lauyan Kanta, kuma shi ne ya fi kowa tsawaita layi. Gaskiya ne wasu kamfanoni suna ƙara wa masu nutso kilo kyauta a matsayin kayan wasanni, wasu da sharaɗin a sanar da su tun kafin ranar tafiya, wasu kuma sai an nuna katin shaidar koyon nutso irin na ƙungiyar PADI, kuma wannan mutum ya buga duk waɗannan sharuɗɗa a takarda, ya ja layi a ƙarƙashin kalmomin da suka yi masa daɗi, ya jera su a fayil. Matsalarsa ita ce tikiti ɗaya yakan ƙunshi kamfanoni biyu ko uku, wanda ya sayar da kujera daban, wanda yake tuƙa jirgin daban, har ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta yi ƙuduri mai lamba 302 domin fayyace dokar wane ne za ta yi aiki a irin wannan hali. Lauyan Kanta ya karanta ƙudurin, ma'aikaciyar kuma tana da allon kwamfuta da ke faɗin wani abu dabam, don haka sai ya nemi a kira shugabanta, shugaban ya nemi a kira nasa. Wani lokaci yakan yi nasara, ya wuce yana ɗaga fayil kamar tuta, ya sauka a Male, babban birnin Maldibs, ya tarar cewa ƙaramin jirgin nan mai sauka a kan ruwa wanda zai kai shi tsibirinsa yana da tasa dokar, yawanci kilo 20 da jakar hannu ta kilo 5, kuma babu shafinta a cikin fayil.

Na biyar, Mai Hoto, ya bambanta da sauran domin shi ya daɗe da yanke ƙauna. Kyamararsa tana buƙatar gidan alminiyam da ruwa ba ya shiga, da ƙoƙon gilashi mai kama da rabin kwano, da fitilu biyu a kan hannuwan ƙarfe, da tarin batura na litiyam, waɗanda doka ta hana a sa waɗanda ba a cikin na'ura suke ba a akwatin da ke shiga ma'ajin kaya na ƙarƙashin jirgi saboda haɗarin gobara, ta kuma wajabta a raba babbar tocilar nutso da batirinta ko ƙwanta don kada ta kunna kanta ta yi zafi. Yana biyan abin da aka yanka masa ba gardama, da idon wanda ya saba da haraji, sannan ya rama a kan tufafinsa, ya yi kwana goma da gajeren wando ɗaya, ya dawo da hotuna dubu uku na wutsiyar kifayen da suka riga suka juya.

Na shida shi ne Mai Dalma, wanda ba ya yarda da kayan kowa. Ko'ina a duniya wuraren nutso suna ba da tukunya da dalma, wato gutsattsarin ƙarfe mai nauyi da ake ɗaurawa a ƙugu domin rinjayar rigar roba mai son tasowa, kuma yawanci kuɗinsu yana cikin kuɗin nutson. Duk da haka wannan mutum yana zuwa da nasa, yana biyan kuɗin nauyi a kan abin da ba shi da wani amfani sai nauyi, wani lokaci har da tukunyarsa ta alminiyam mai kusan kilo 14, wadda ba za a karɓa ba sai an juye iskarta an kuma kwance bakinta domin masu bincike su leƙa ciki. Ta haka yake ketare nahiyoyi da tukunya wadda babu komai a cikinta.

Na bakwai da na takwas ba sa rabuwa, domin ɗaya abincin ɗaya ne. Mai Roƙon Kilo yana buɗe akwatinsa a tsakiyar fili, kayan ciki a bainar jama'a, yana rarraba takalman agwagwa ga abokan tafiya, kuma in da matarsa yake tafe, takalmanta ne suke fara komawa mota. Idonsa kullum yana kan Ɗan Haya, wanda yake zuwa da 'yar jaka guda da gilashin fuskarsa kawai, yana duban sauran da tausayin da ya fi zagi ciwo, yana bayyana musu cewa komai ana samunsa haya a bakin teku. Maganarsa gaskiya ce, amma araha ba ta ado, kuma a rana ta farko ake miƙa masa rigar robar da ɗaruruwan baƙi suka sa kafin shi, da abin bakin na'urar numfashi wanda wani mai tsoro ya tauna har ya huda, da takalmin da ke sale dunduniya, sai a gan shi da yamma yana zagaya ɗakin Mai Roƙon Kilo yana tambaya ko akwai na aro.

Waɗannan gidaje takwas suna haɗuwa su zama ɗaya a ranar komowa. Mai nutso yana tara iskar naitirojin a jikinsa saboda matsin ruwa, kuma da yake matsin iska a cikin jirgi ya yi ƙasa da na doron ƙasa, hawansa da wuri yana iya sa iskar ta yi kumfa a jini, shi ya sa ƙungiyar DAN mai kula da lafiyar masu nutso ta ba da shawarar a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 kuma bayan nutso da yawa. Kusan kowa yana nutso har zuwa minti na ƙarshe da wannan lissafi ya yarje masa, musamman a Bahar Maliya, inda ba wanda yake son ya tafi bai sake gaisawa da Thistlegorm ba, jirgin ruwan Birtaniya da jiragen saman yaƙin Jamus suka nutsar a 1941 da babura da motoci da kawunan jirgin ƙasa biyu, wato mutanen da suka yi rigima a kan giram 400 suna kashe kuɗi su je kallon kayan da ba su taɓa isa inda aka aika su ba. To, awa 18 tana isar jini ya saki naitirojin, amma ba ta isar takalmin roba ya saki ruwa, ko da an shanya shi a barandar otal an bi shi da na'urar busar da gashi har tsakar dare, kuma kowace lita ta ruwa kilo guda ce.

Saboda haka akwatin da ya tafi da kilo 23 yake komowa da 25, a filin jirgin Hurgada ko na Sharmul Shaikh, inda jadawalin Mai Lissafi ya tashi daga aiki, Lauya ba shi da shafin da ya yi magana a kan danshi, Sa-Duka kuma ya tsaya yana nazarin ko zai iya zaman awa biyar a cikin jiƙaƙƙiyar riga. A ɗaya gaɓar wannan teku, a Jidda, alhazai su ma sun san zafin awon kaya, amma su ruwan da suke ɗaukowa Zamzam ne, da niyya da sani suke ɗauko shi, kuma ana jiransa a gida. Mai nutso kuwa yana zaro katin banki ya biya kuɗin kilo biyu na ruwan gishiri wanda bai san ya ɗauko ba, ya kai shi gida a kan farashin turare, ya shanya shi a igiya ya bushe.