Jama'ar Maki 800

Dara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kazaure. Daga Roni zuwa Gwiwa, da zarar an kai amfani gida, za ka tarar da dattawa a gindin darbejiya sun tona ramuka 30, wannan da tsakuwa 12, wancan da guntayen kara 12, kowa na neman ya jera uku ya ɗauke ɗan abokinsa. Baƙuwar ita ce ces, mai allo na gida 64, wadda ɗalibai da 'yan bautar ƙasa suka shigo da ita, ta samu masauki a cikin waya. Ta kuma zo da fitinar da tsohuwar ba ta da ita, wato maki. A darar ƙasa in an cinye ka, ka share ramuka da tafin hannu, magana ta mutu. A Chess.com ko Lichess kuwa lamba ce manne da sunanka, ta hau in ka ci, ta sauka in an ci ka, ba ta jin magiya. Arpad Elo, malamin kimiyya haifaffen Hangari mazaunin Amurka, shi ya kawo irin wannan lissafi, hukumar ces ta duniya FIDE ta karɓe shi a 1970. Magnus Carlsen ya kai 2882 a 2014, har yau ba wanda ya taka wurin. Mutanen da zan ba ku labarinsu suna can wajen 800, sun daɗe a wurin, kuma kowannensu ya san dalilin da ya sa ba laifinsa ba ne.

Wanda za ka fara cin karo da shi shi ne mai tarkon taku huɗu. Wani ɗan bautar ƙasa ya nuna masa shekarun baya, shi kuwa ya riƙe gam. Ya tura sojan gaban sarki, ya fito da bishof, ya cilla sarauniya gefen allo, sannan ya harɗe hannu yana kallon sama wai shi ba ruwansa. Abin da yake hari shi ne ƙaramin sojan nan na kusa da sarkinka, wanda ba mai gadinsa sai sarkin da kansa. In ka yi sake, a taku na huɗu an gama da kai, ya miƙe yana kaɗe riga yana cewa, "Sai haƙuri, ɗan'uwa, haka wasa ya gada." Duk sabon shiga a teburin mai shayi na Kanti ya ɗanɗana. Sai dai maganin abin taku biyu ne: soja ya tare sarauniya, doki ya fito ya toshe ɗaya hanyar. Daga nan baiwar Allah ta shiga gararamba, a kore ta nan a kore ta can, kowace kora abokin wasa na ƙara fito da mayaƙi guda. Abin da mai tarko ke yi a taku na 15, shi kansa bai sani ba, don bai taɓa shirin zuwa can ba.

Sai shehin buɗin wasa, galibi ɗalibi ne a foliteknik ta Hussaini Adamu, mai data da YouTube. Wannan ya san komai. Zai faɗa maka Ruy Lopez sunan wani limamin coci ne na Sifaniya da ya rubuta littafi a 1561. Zai ba ka labarin yadda Gukesh ɗan Indiya ya karɓe kambin duniya daga hannun Ding Liren a Singafo a Disambar 2024 yana da shekara 18, har da inda Ding ya yi kuskure. Ya haddace taku 12 na buɗin Sisiliya, ya haddace na Landan. Abin takaici, yaron Roni da ke zaune a gabansa bai kalli bidiyon ba, don haka a taku na uku sai ya tura wani sojan gefe da ba ya cikin karatu. Shehi ya dafe kai.

"Malam, ba haka ake yi ba fa. Nan doki ake fitarwa."

"To ai na riga na yi."

Taku shida bayan haka shehi ya ajiye sarauniyarsa a bakin doki, aka ɗauke ta kyauta. A ganina nan duk zancen yake. A wannan mataki ba buɗi ke cin wasa ba. Wanda ya rage barin kayansa a hanya ba mai gadi, shi ke tafiya gida da nasara, ko da kuwa bai san sunan taku ɗaya da ya yi ba. Shehi ba zai yarda ba. Daren nan zai koma ya haddace sabon buɗi.

Ɗan gaggawa ba ya buga wasan da ya wuce minti ɗaya. Yana bugawa a bayan ɗan acaɓa, yana bugawa a layin cire kuɗi, ya yi wasa 40 kafin la'asar bai tuna ko ɗaya ba. In an ci shi, sabis ne. Na Babura ya fi kowa hujja, tunda iyaka na kusa: wai wayarsa ce ta tsallaka Nijar ana tsakiyar wasa.

Kawu kuwa allo na gaske yake so, mai 'ya'yan roba, kuma da 'ya'yan 'yan'uwansa yake bugawa. Dokar ces ta ce abin da ka taɓa shi za ka tura, in ka saki kuma ya zauna. Kawu ya ji dokar, ya kuma yarda tana aiki a kan yara. Ka miƙa hannu za ka ɗauke hasumiyarsa, sai ka ji an riƙe maka wuyan hannu.

"Tsaya, yaro, ai ban saki ba."

"Kawu, ka saki, har ka kurɓi shayi."

"Da ubanka ma haka muke yi."

Wa zai ja da wannan? Kawu bai taɓa faɗuwa wasa a cikin gidansa ba. Ranar da aka saka masa manhajar a waya, ya nemi inda ake danna "mayar" ya rasa, ya ce abin na marasa tarbiyya ne.

Mai haɗama ya fi su iya wasa, shi ya sa nasa ya fi ciwo. Ba ya ganin soja ya ƙyale, ko da guba aka shafa masa. In ya samu galaba ba zai kashe wasa ba, sai ya cinye komai, ya kai sojoji ƙarshen allo ya naɗa sarauniya ta biyu da ta uku, ya jera su yana murmushi. Can sai allo ya tsaya. Sarkin abokinsa ba a kai masa hari ba, kuma ba gidan da zai taka, doka ta ce kunnen doki ne. Ya yi rantsuwa Turawa ne suka ƙirƙiro dokar don su cuci mai ƙoƙari. Koyon kashe wasa da sarauniya ɗaya da sarki aikin yamma guda ne, amma wa zai zauna koyon abin da ya riga ya iya?

Ɗan kallo ba a taɓa ganin ya zauna ba. Yana tsaye a bayanka yana tsaki, yana "kash", yana "da ni ne". Ka matsa masa ka ce bismilla, sai ya tuna an aike shi. Akwai kuma wanda fitsari ke kama shi duk lokacin da wasa ya yi zafi, ya zagaya da waya a aljihu, ya dawo da takun da ko gwanin ces Kasparov sai ya yi tunani. Tun 1997 da na'urar Deep Blue ta doke Kasparov aka san inji ya wuce mutum, yau kuma manhajar Stockfish kyauta ce a kowace waya. Tambaye shi dalilin takun, sai ya ce ilhama ce.

Wani kuma sau ɗaya ya taɓa 1000, ya ɗauki hoton, ya sa a WhatsApp, bai sake buga wasan maki ba. Yanzu sharhi yake yi. Shi ke ba da labarin Tunde Onakoya da ya yi awa 60 yana wasa a dandalin Times Square na New York a Afrilun 2024, da Tanitoluwa Adewumi da ya ci gasar yara ta jihar New York a 2019 yana ɗan shekara takwas. Ka ce a buga ɗaya, ya ce caji ya yi ƙasa.

A cikin taron nan akwai mai hawa, kuma ba wanda ke son zama da shi. Wani dattijo ne daga Gwiwa, tsohon gwanin darar ƙasa, jikansa ya koya masa yadda kowane ɗa ke tafiya. Bai san sunan buɗi ko ɗaya ba. Kafin ya taɓa komai sai ya tambayi allo da ƙarfi, "To, me yaron nan yake nufi da ni?" Ya duba abin da za a iya ci masa, ya duba abin da zai iya ci, sannan ya tura. In an cinye shi ba ya tashi. Sai ya ce, "Mayar mini da su inda na ɓata," a sake jerawa, ya zauna yana kallon wurin har ya gane. Jikan ya ce kullum bayan asuba sai ya warware 'yan matsalolin da manhaja ke bayarwa, wasa kuma ba ya yin ƙasa da na minti 15. Lissafin Elo ya ce wanda ya fi ka da maki 200 zai kwashe kusan uku cikin huɗu na abin da kuka buga, Baba kuwa irin waɗannan yake nema da gangan. Aibinsa ɗaya: taku guda sai ya kai ka kiran magariba.

Na ƙarshe shi ne mai saki. Duk daren da aka ci shi uku a jere sai ya goge manhajar, ya sanar a majalisa cewa shi da ces har abada, ɓata lokaci ce, mutum da iyalinsa. Jama'a su ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Da hantsi a gan shi a shagon mai cajin waya yana tambaya a hankali ko akwai mai ɗan ragowar data. Ya buɗe sabon asusu da sabon suna, don a cewarsa tsohon ne ke da farar ƙafa. Kafin sati ya zagayo, sabon ma ya sauka a 800.