Gyare Ɗan Lele

A Ingila akwai masu kiwon ƙadangare a falo, irin mai gemun nan na Ostireliya, kuma gogan ba ya ɗaga kai ya dubi ƙwaro sai yana motsi. Dole maigida ya sayo fara da gyare da ransu, har ta gidan waya ake aiko su cikin 'yan robobi. Daga nan wahala ta samu wurin zama.

Gyaren da ke hana mu barci ba wanda ya ba shi ko ƙwayar gero, da ya shiga roba sai ya zama ɗan lele. Ka ajiye masa ruwa a murfi, ya faɗa ya nutse, sai dai a jiƙa masa auduga ya tsotsa. Ka bar shi da yunwa, ya cinye ɗan'uwansa. A jera masa kiret ɗin ƙwai ya samu maɓoya, a yanka masa karas, a kwashe matattu kullum don warinsu na kashe masu rai. Ita kuwa fara, wadda ta share gonakin Nijar a 2004 ba gayyata, can sai an kunna mata fitila mai zafi, danshi kaɗan ya kwantar da ita.

Kafin a miƙa wa ƙadangare kuma sai an barbaɗe su da garin kalsiyam, kamar yadda mai fara a Maiduguri ke barbaɗa yaji, sai dai ita kuɗi take karɓa. Gyaren da ya tsere kuwa bayan firji yake tarewa, ya yi ta rera waƙa har asuba, ba haya ba kuɗin wuta.